Wanda Ake Bi Bashi Ba Shi Ke Sa Ranar Biya Ba

Idan ana zancen maguɗin zaɓe, abin da ke fara zuwa zukatan mutane shi ne sace akwati, da dangwale takardun ƙuri'a a ɓoye, da sauya alƙaluma cikin dare a wurin tattara sakamako. Duk waɗannan suna faruwa, kuma sun cancanci tofin Allah tsine da ake yi musu. Amma akwai wani maguɗin da ya riga su, wanda ba ya buƙatar ɗan daba ko bindiga. Da alƙalami ake yin sa, a ofis mai sanyi, sannan a sanar da shi a rediyo da tattausar murya. Shi ne wasa da ranar zaɓe: a ɗage ta, ko a matso da ita kusa ba zato, ko a sa ta a lokacin da zai yi wa talaka wuyar fita. Matsayina a wannan maƙala a fili yake. Duk ƙasar da ta bar wa ɗan takara ikon sa ranar da za a yi masa hisabi, ta ba shi rabin nasara tun kafin a buga takardar ƙuri'a ko ɗaya, kuma bai dace a kira zaɓenta na adalci ba, komai tsabtar ƙidayar da ta biyo baya.

Mulki a tsarin dimokuraɗiyya bashi ne. Jama'a ne ke ranta wa mutum ikonsu na shekara huɗu ko biyar, bisa sharaɗin cewa ran da wa'adi ya cika zai dawo da shi gabansu, su duba abin da ya yi da shi, sannan su sake ranta masa ko su miƙa wa wani. A kasuwanninmu kowa ya san wanda ya ci bashi ba shi da ta cewa a kan ranar biya, domin an yanke ta tun ran da ya karɓa, a gaban shaidu. In ranar ta zo ya ce a ƙara masa wata goma saboda hanya ba ta da kyau, sunansa mai taurin bashi. In kuwa ya daidaici lokacin da mai bin sa ke kwance ba lafiya, ya je da asuba ya ce a yi lissafi yanzu-yanzu, sunansa macuci. To, abin da ba mu yarda da shi daga ɗan tireda ba, shi muke karɓa daga shugabannin ƙasashe, wani sa'in ma har da tafi.

Bari in fara da masu ɗagewa. Ranar 3 ga Fabrairun 2024, ana saura sa'o'i kaɗan a buɗe yaƙin neman zaɓe, shugaban Sanagal Macky Sall ya fito a talabijin ya ce an fasa zaɓen shugaban ƙasa da aka shirya yi ranar 25 ga watan. Dalilin da ya bayar shi ne taƙaddamar da ta taso kan jerin 'yan takara. Bayan kwana biyu majalisar dokoki ta mayar da zaɓen 15 ga Disamba, bayan da jami'an tsaro suka fitar da 'yan adawa daga zauren. Ma'anar wannan ita ce shugaban da wa'adinsa zai ƙare 2 ga Afrilu ya sami ƙarin watanni da babu wanda ya zaɓe shi ya yi su. Matasa suka fito tituna, aka katse intanet ta wayar hannu, aka rasa rayuka. Sai ranar 15 ga Fabrairu kotun tsarin mulkin ƙasar ta yanke cewa ɗagewar ta saɓa wa doka. Aka yi zaɓe ranar 24 ga Maris, kuma Bassirou Diomaye Faye, wanda kwana goma ke nan da sakin sa daga kurkuku, ya lashe shi tun a zagayen farko da kusan kashi 54 cikin ɗari. Wanda ya dubi wannan sakamako ya san abin da ake gudu da aka nemi jinkirin.

A Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango dabarar ta yi aiki. Wa'adin Joseph Kabila na biyu, wanda shi ne na ƙarshe bisa tsarin mulki, ya ƙare a Disamban 2016. Bai ce zai zarce ba, bai kuma yi wa kundin gyara ba. Kawai dai zaɓe ne bai shiryu ba: yau a ce rajistar masu zaɓe ta tsufa, gobe a ce babu kuɗi. Mutanen ƙasar suka raɗa wa abin suna da wata kalmar Faransanci mai ma'anar zamewa, wato wa'adi ya yi ta sulɓewa gaba ba tare da an ga hannun mai tura shi ba. Limaman cocin Katolika suka shiga tsakani aka yi alkawarin zaɓe kafin ƙarshen 2017, aka saɓa. Ba a kaɗa ƙuri'a ba sai 30 ga Disamban 2018, kuma ko a lokacin an hana mutanen Beni da Butembo da Yumbi, su fiye da miliyan ɗaya, zaɓen shugaban ƙasa, da hujjar cutar Ebola da rashin tsaro. Shekara biyu cur Kabila ya yi a kan kujera da ikon da ba na kowa ba.

Mu Hausawa ba ma buƙatar aron kalma a nan, muna da tamu: tazarce. A 2009 Mamadou Tandja, wanda ya kamata ya sauka a Disamban shekarar, ya rusa majalisar dokokin Nijar, ya rusa kotun tsarin mulki da ta ce masa a'a, ya shirya ƙuri'ar raba gardama ranar 4 ga Agusta wadda ta ƙara masa shekara uku ba tare da takara ba. Hujjarsa ita ce yana da manyan ayyuka da bai kammala ba. Ranar 18 ga Fabrairun 2010 sojoji suka shiga fada suka kama shi. Ba na yabon juyin mulki, kuma ba zan taɓa yabon sa ba. Abin da nake nunawa shi ne, wanda ya toshe wa jama'a ƙofar akwati, shi ya nuna wa mai bindiga taga.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan cuta ta Afirka ce kaɗai. Tsofaffin ƙasashen dimokuraɗiyya suna da irin tasu, sai dai tasu tana sanye da rigar doka, kuma ta gaggawa ce maimakon jinkiri. A Birtaniya firaminista ne ke zaɓen ranar da za a je rumfa, muddin bai wuce shekara biyar ba. Yana zaune da alƙaluman jin ra'ayin jama'a a gabansa, ya san ran da farashi zai sauka, ya san ran da abokan hamayyarsa ke rigimar cikin gida, sai ya ce a fito fage. A 2011 an yi dokar tsayar da wa'adin majalisa domin rage wannan iko, amma a 2017 Theresa May, wadda ta sha faɗin ba za ta kira zaɓe da wuri ba, ta ga 'yan adawa sun yi rauni ta kira shi, kuma a 2022 aka soke dokar gaba ɗaya. A Faransa, Emmanuel Macron ya rusa majalisa a daren 9 ga Yunin 2024, ya ba ƙasa mako uku kacal kafin zagayen farko ranar 30 ga watan. A Turkiyya, zaɓen da ya kamata a yi a Nuwamban 2019 sai Recep Tayyip Erdogan ya jawo shi zuwa 24 ga Yunin 2018, ƙasar tana ƙarƙashin dokar ta-ɓaci, da sanarwar wata biyu. Sabuwar jam'iyyar adawa ta Meral Aksener sai da babbar jam'iyyar adawa ta ara mata 'yan majalisa 15 domin ta tabbatar da damarta ta shiga takara. A fagen dambe, in aka ce ɗaya daga cikin 'yan wasan ne zai faɗi ran da za a kara, ya jira sai abokin karawarsa ya ji ciwo a hannu, babu makaɗin da zai wasa shi.

Na san amsar da za a ba ni. Za a ce ai masu wannan wayo sukan faɗa ramin da suka haƙa: May ta rasa rinjayenta a majalisa, ɓangaren Macron ya yi asarar kujeru, ɗan takarar jam'iyyar Sall ya faɗi. Gaskiya ne, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Amma ɓarawon da ya haura katanga ya karye a ƙafa bai halatta sata ba, kuma ba ya zama dalilin da mai gida zai daina kulle ƙofa. Erdogan ya ci nasa zaɓen, Kabila ya ci shekarunsa biyu. Ko a inda wayon ya ci tura, akwai waɗanda suka biya kuɗinsa, kuma ba su ne suka ƙulla shi ba. Matasan da suka mutu a titunan Sanagal a Fabrairun 2024 hukuncin kotu bai dawo da su ba.

Nijeriya ta ɗanɗana wannan sau da dama. A 2015 an shirya zaɓen shugaban ƙasa ranar 14 ga Fabrairu. Da fari mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro ya ce a ɗage saboda katin zaɓe bai gama isa hannun jama'a ba. Daga baya hafsoshin tsaro suka shaida wa hukumar zaɓe cewa ba za su iya ba da kariya ba domin suna yaƙi da Boko Haram, ala tilas Farfesa Attahiru Jega ya sanar da ƙarin mako shida, zuwa 28 ga Maris. Hukumar da ake kira mai zaman kanta ta gane cewa ranar zaɓe tana hannun wanda ke ba sojoji umarni. A 2019 kuwa hukumar ce da kanta ta ɗage zaɓen 16 ga Fabrairu da mako ɗaya, cikin tsakar dare, sa'o'i kaɗan kafin a buɗe rumfuna, saboda kayan aiki ba su isa ba. Attajiri ba abin da ya dame shi. Wanda abin ya shafa shi ne lebura ko ɗan acaɓa da ya rufe sana'arsa, ya biya kuɗin mota daga Legas ko Fatakwal zuwa garinsu domin a can ya yi rajista, ya wayi gari aka ce ya dawo Asabar mai zuwa. Da me zai dawo? Kashi 35 cikin ɗari ne kawai na masu rajista suka kaɗa ƙuri'a a wannan shekara. A ƙarshen 2022 aka canza fasalin Naira dab da zaɓen 2023, mutane suka kwana a layin banki suna neman kuɗin cefane, fitowar masu zaɓe ta sauka zuwa kusan kashi 27. Ba na cewa waɗannan ne kaɗai dalilan. Ina cewa duk wahalar da aka ɗora wa ranar zaɓe, talaka take fara tankaɗewa.

Ko tsayayyiyar rana ma tana iya zama ta zalunci in ba a duba halin masu fita ba. Amurka tana zaɓe ranar Talatar da ke bin Litinin ta farko a watan Nuwamba, bisa dokar da majalisarta ta yi a 1845. A wancan zamani hikima ce: manoma sun gama girbi, sanyi bai tsananta ba, mutum ya yi ibadarsa ran Lahadi, ya hau keken doki ran Litinin, ya yi zaɓe ran Talata. Yau Talata ranar aiki ce, kuma mai aikin awa da ba a biyan sa in bai je ba, shi ke auna ƙuri'arsa da abincin 'ya'yansa. Indiya ta yi babban zaɓenta na 2024 kashi bakwai, daga 19 ga Afrilu zuwa 1 ga Yuni, a tsakiyar bazara mai tsananin zafi, har ma'aikatan zaɓe da dama suka rasu a bakin aiki. Wanda ya san halin damina a karkara, da yadda gada ke yankewa, da yadda manomi ba ya barin gona lokacin noman farko, ya san cewa zaɓen wata da rana ma siyasa ce.

Hujja mafi ƙarfi da masu ɗagewa ke kawowa ita ce larura: yaƙi, ko annoba, ko ambaliya. Ban ƙi ba, akwai larurar gaske. Amma tarihi ya nuna mana yadda ake gane ta. A Nuwamban 1864 Amurka tana tsakiyar yaƙin basasa, Abraham Lincoln yana fargabar faɗuwa, duk da haka aka yi zaɓe a ranarsa. A Yulin 2020 Donald Trump ya kawo shawarar a ɗage zaɓe saboda korona, manyan jam'iyyarsa ma suka ƙi, domin ranar tana hannun majalisa. Koriya ta Kudu ta yi zaɓen majalisa ranar 15 ga Afrilun 2020, annoba na ci, kowa da takunkumi da safar hannu, ana auna zafin jiki a bakin rumfa, kuma kashi 66 cikin ɗari suka fito, adadin da ba a gani ba cikin shekara 28. Birtaniya ta ɗage zaɓe lokacin yaƙin duniya na biyu, ba a yi ba daga 1935 har 1945, amma da yardar dukkan manyan jam'iyyu, 'yan adawa suna cikin gwamnati, majalisa tana sabunta jinkirin shekara-shekara, kuma da Jamus ta miƙa wuya aka koma rumfa, jama'a suka kayar da Winston Churchill. A Habasha kuwa an ɗage zaɓen Agustan 2020 ba tare da yardar kowane ɓangare ba, yankin Tigray ya yi nasa a Satumba, gwamnatin tarayya ta ce haramtacce ne, a Nuwamba yaƙi ya ɓarke. Rikicin yana da tsofaffin saiwoyi, amma rigimar ranar zaɓe tana cikin abin da ya kunna shi. Ma'aunin da nake gani shi ne: larurar gaske abokin hamayya ma yana ganin ta, kuma yana sa hannu. Wadda mai mulki kaɗai ke gani, ta aljihunsa ce.

Akwai wata rana kuma da ake mantawa da ita, wato ranar hukunci. A Kenya tsarin mulki ya ba kotun ƙoli kwana 14 ta yanke ƙarar zaɓen shugaban ƙasa, kafin a rantsar da kowa. Shi ya sa a 2017 aka yi zaɓe ranar 8 ga Agusta, kotu ta soke shi ranar 1 ga Satumba. A Nijeriya an yi zaɓe ranar 25 ga Fabrairun 2023, aka rantsar da shugaba 29 ga Mayu, kotun ƙoli ba ta yi magana ta ƙarshe ba sai 26 ga Oktoba. Ban taɓo ingancin hukuncin ba, tsarin nake zargi. Yaya alƙali zai auna ƙara da natsuwa alhali wanda ake ƙara ya riga ya naɗa ministoci, yana riƙe da baitulmali da 'yan sanda? Zaɓen gwamnan Anambra na 2003 sai a Maris na 2006 kotu ta mayar wa mai shi kujerarsa, bayan wani ya yi kusan shekara uku a kanta. Kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais ya ba da shawara tun 2008 cewa a riƙa kammala shari'un zaɓe kafin rantsuwa. Har yau shawarar tana cikin takarda.

Wani zai ce tsayar da rana ba ya kawo adalci, ga Yuganda nan ana zaɓe duk shekara biyar, amma Yoweri Museveni yana kan mulki tun 1986. Wannan haka yake. Tsayayyiyar rana ba ta hana sayen ƙuri'a, ba ta buɗe wa ɗan adawa gidan rediyon gwamnati, ba ta fitar da shi daga kurkuku. Harsashi ce, kuma harsashi kaɗai ba a kwana a cikinsa, sai dai babu ɗakin da ke tsayawa ba shi. Dubi Gana: tun daga 1996 ranar 7 ga Disamba ake zaɓe duk shekara huɗu, yaro ma ya san ta. Ɗan adawa yana da shekara huɗu na shiri, hukumar zaɓe ba ta da uzurin cewa abin ya zo mata ba zato, mai mulki ya san ran da za a tambaye shi. Mulki ya sauya hannu tsakanin manyan jam'iyyun ƙasar biyu a 2000 da 2008 da 2016 da 2024, ba tare da an harba bindiga don ƙwatar sa ba.

Saboda haka ga abin da nake kira a yi. A rubuta ranar zaɓe cikin kundin tsarin mulki, kamar yadda Kenya ta rubuta Talata ta biyu a watan Agusta duk shekara ta biyar, a zaɓe ta bisa yanayin ƙasa, a mai da ita ranar hutu. Kada a ɗage ta sai da rinjayen da ba zai samu ba sai 'yan adawa sun yarda, da amincewar kotu, da sabuwar rana a cikin sanarwar kanta. A tsarin firaminista, kada a rusa majalisa sai gwamnati ta rasa rinjaye da gaske. A saki kuɗin hukumar zaɓe tun da wuri, kai tsaye, domin hana kuɗi ma hanyar ɗagewa ce. A gama shari'a kafin rantsuwa. Wanda ya fi duka muhimmanci a wurina shi ne: jinkirin zaɓe kada ya tsawaita wa'adin kowa. In wa'adi ya cika ba a yi zaɓe ba, shugaba ya sauka, riƙon ƙwarya ya koma hannun wanda ba ya takara. Ran da aka yi wannan doka za a ga yadda uzurori za su yi ƙaranci. Ba sabon abu nake ƙirƙirowa ba. Yarjejeniyar ƙungiyar ECOWAS ta 2001 kan dimokuraɗiyya da kyakkyawan shugabanci ta riga ta ce a yi zaɓe a lokacin da doka ta tanada, kuma kada a yi wa dokar zaɓe babban gyara cikin wata shida na ƙarshe sai da yardar akasarin masu ruwa da tsaki. Shugabanninmu sun sa hannu. Cika alkawarin ne ya gagara.

Doka kuwa ba ta tsare kanta. Alƙalan Sanagal sun yi jarumta, amma sun yi ta ne a ƙasar da malaman jami'a, da shugabannin addini, da ƙungiyoyin farar hula, da 'yan kasuwa suka riga suka ce ba su yarda ba. Aikinmu ke nan mu masu zaɓe, a kowace ƙasa muke: mu ƙi jinkiri ko da gwaninmu ne zai ci moriyarsa, domin wuƙar da muka wasa masa yau tana nan ran da kujerar za ta koma hannun wanda ba mu so. Hausawa sun ce rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Shugaban da ya yi aiki ba ya tsoron ranar. Wanda bai yi ba, a bar shi ya ji kunyarsa a kan lokaci, a gaban waɗanda suka ranta masa.